Injin da Honarabul Ya Ƙaddamar

In ana zancen cika baki a Sabon Tasha, ko Tanko mai shayi ba ya wurin sai an ajiye masa kujerarsa. Shayinsa ba laifi, ƙwansa ma yana soyuwa daidai, amma abin da ya fi yawa a teburinsa labarin Italiya ne, kuma kyauta yake zuba shi ko ba ka tambaya ba. Ba fa zuwa ya taɓa yi ba. Gadin ƙofa ya yi wa wasu Turawan Italiya masu aikin titi, gadin ma bai ƙarasa damina ba suka sallame shi saboda barci. Amma in ka ji yana ba da labari, sai ka rantse shi ya raɗa wa babbansu suna.

To, shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai unguwar ta yi sabon kansila, Honarabul Wilson, wanda kafin zaɓe kowa ya san shi da sayar da taya. Yana hawa ya ce tebura da rumfunan bakin tasha sun ɓata wa gari fuska, za a kwashe su kaf. Akwai jerin shaguna a cikin tashar da aka gina tun zamanin soja aka bar wa ƙadangaru, su za a raba. Shagon shayi ɗaya ne tak, masu shayi kuwa biyu ne, Tanko da wani Anas, mutum shiru-shiru da ke tsallaken titi. Wanda bai samu ba, sai ya ɗauki teburinsa ya san inda dare ya yi masa.

Honarabul ya zo da kansa ya tsaya tsakanin teburan biyu, yana gyara babbar rigar da bai gama sabawa da ita ba.

"Yanzu dimokuraɗiyya ce," in ji shi. "Ba sani ba sabo. Wanda ya nuna mini ci gaba, shi zan damƙa wa makulli."

Anas ya ce in Allah ya yarda zai ƙaro benci, ya sayi sababbin kofuna. Tanko ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya.

"Benci! Ranka ya daɗe, ana maganar ci gaba yana maganar katako. Ni esfireso zan kawo."

"Wace ce kuma esfireso?" in ji Rebecca, wadda ake kira Maman Jessica, mai tuyar ƙosai a gefen teburinsa. Matar nan ta yi shekara da shekaru tana shan labarin Italiya ba da son ranta ba, kuma ba ta taɓa barin ko ɗaya ya wuce salin alin ba.

"Gahawa ce, Maman Jessica, gahawar manya. Inji ke matso ta, baƙa ƙirin, ɗan kurɓi ɗaya a kofi. In kika sha sai kin ji idonki ya buɗe har ƙeya."

"Kurɓi ɗaya? Ga direbobin nan masu tsoma rabin burodi a kofi?"

"Su ma za su waye."

Maganar ta yi wa Honarabul daɗi ƙwarai. Tun da aka rantsar da shi yake jin takwarorinsa a rediyo, wannan ya ƙaddamar da rijiya, wancan ya ƙaddamar da kwalbati, shi ko turmi bai ƙaddamar ba. Nan take ya ce ranar rabon makulli shi da hannunsa zai ƙaddamar da injin.

Da Tanko ya koma gida Makera ya faɗa wa matarsa Rakiya, sai ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, tsakani da Allah, ka taɓa haɗa abin nan?"

"Na sha gani."

"A ina?"

"A kicin ɗin Turawa mana."

"Kai da kake bakin ƙofa?"

"Kicin ɗin ai yana da taga," in ji Tanko, ya ja kwanon tuwo gabansa, alamar an rufe zance.

Washegari ya hau kekensa sai Gonin Gora, wurin Alhaji Zakariyya'u ɗan gwangwan, wanda ya saye tarkacen sansanin Turawan nan lokacin da suka tashi. Alhaji ya kai shi bayan rumfa, ya ɗage wani tsohon buhu. Inji uku ne a jere, kowanne da tukunyar ƙarfe da dogon hannu a tsaye wanda ake janyowa ƙasa.

"Wannan ƙaramin," in ji Alhaji, "kukunsu ya ce mini har ranar da suka tafi yana aiki. Wayarsa ma ga ta nan lafiya lau. Na tsakiyan hannunsa ya karye. Wancan ƙaton kuwa, gaskiya ni da na ɗauka na matse man gyaɗa ne. A bayan ɗakin ajiya muka tsince shi, ciyawa ta rufe shi."

"Alhaji, kai ƙarfe ka sani a kan sikeli," in ji Tanko. "Bari masu abu su duba abinsu."

Tanko dai bai taɓa sayen inji ba, amma ya sha raka mutane sayen ragon layya, don haka ya bi abin da ya sani. Ya ɗaga ƙaramin da hannu ɗaya, ya taɓe baki, ya ce babu nama. Ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya ce muryarsa ta yi siriri. Ya ja hannunsa da yatsa biyu ya ga ya biyo shi ba gardama, ya ce wannan na 'yan makaranta ne. Ya juya kan ƙaton. Ya yi yunƙurin ɗaga shi, ƙugunsa ya ce ƙas, injin ko gezau. Ya leƙa ƙarƙashinsa don ya duba haƙora, sai ga kaza ta fito fururu ta bi ta kan fuskarsa.

"Ƙwan da ke ciki nawa ne, ba ya cikin ciniki," in ji Alhaji.

Tanko ya kakkaɓe gashin kaza, ya kama hannun injin ya ja. Hannu ya ƙi. Ya tofa yawu a tafi, ya rataya a jiki har ƙafafunsa suka bar ƙasa, sannan abin ya sauko yana kuka. Yana saki, hannun ya koma sama fau, ya wuce ta gaban hancinsa, ya doki wani tsohon kwano da ke rataye a rumfa, kwanon ya tashi ya sauka a kan titin Abuja. Ashe wani murtukeken sifirin ne a ciki, mai mayar da hannun sama da ƙarfin gaske.

Mai hankali da nan ya yi sallama. Tanko kuwa tafi ya yi.

"Ka ji lafiya! Rago mai tunkuyi ai shi ne rago. Wannan nake so."

"Malam Tanko, ɗauki ƙaramin nan. Shawara ce kyauta."

"Alhaji, Honarabul guda zai tsaya gaban jama'a ya ƙaddamar da abin da bai fi butar alwala ba? Haba!"

Abin da ke aljihunsa bai kai ba, don haka aka yi musaya. Ya bar kekensa, ya kuma aika aka ɗauko babbar tukunyar shayinsa ta tagulla, ya ce ai ta gama zamaninta. Alhaji ya ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake yi wa mai tafiya asibiti addu'a.

A bayan akori-kurar doya aka kawo injin Sabon Tasha, ƙarti huɗu suka sauke shi suna nishi. Kan ka ce kwabo tasha ta taru. Wani direba ya ce injin dafa ogogoro ne, ya taɓa ganin irinsa a kudu. Wata mata ta ce a'a, na asibiti ne, na dafa allura. Wani dattijo ya ja Tanko gefe ya ce masa ya ji tsoron Allah, da furfurarsa kada ya fara sana'ar giya. Tanko ya hau benci ya yi musu bayani har muryarsa ta dushe, aka watse kowa yana kan bakansa.

Ben mai walda ya buɗe gindin injin ya tarar ɓeraye sun cinye wayoyin tas.

"Oga Tanko, wannan ba zai ƙara shan lantarki ba har abada."

"Wa ya ce maka lantarki nake nema? A Italiya ma manyan gidaje da gawayi suke yi, ya fi ƙamshi."

Ben ya ɗaga kafaɗa, ya yi wa injin ƙafafu na rodi, aka tura kurfoti a ƙarƙashi. Sai Tanko ya shiga haɗi irin nasa na mai shayi. Ya buɗe tukunyar injin, wadda ruwa zalla aka yi ta dominsa, ya zuba ruwa, ya bi shi da madarar gwangwani, ya antaya sukari, ya jefa citta da kanumfari, wai kada abin ya yi wa baƙi ɗaci. A ɗan cokalin ƙarfen da ake maƙalawa a bakin injin kuma ya cika garin gahawa na gwangwani, irin wanda ake kaɗawa a ruwan zafi.

Wuta ta kama. Injin ya fara gurnani, ya koma tari, daga nan ya saki wani fito da ya sa awakin tasha suka tsinke igiya. Akwai wani siririn bututu a gefe da Tanko bai san amfaninsa ba. Ya murɗa shi don ya gani, bututun ya feso tafasasshiyar madara, ta tsallake teburinsa ta sauka cikin kaskon Maman Jessica. Mai ya yi tsalle, Maman Jessica ta fi shi tsalle.

"Yesu! Tanko, kashe ni za ka yi? Ƙosaina!"

"Gaisuwa ce yake yi miki. Haka sababbi suke yi."

"Sabo? Abin da ya girmi kakarka? Wallahi in ya sake gaishe ni, da wannan matsamin zan amsa maka!"

Saura jan hannu. Shi wannan inji, an yi shi ne don niƙaƙƙiyar ƙwayar gahawa da ake danƙarewa tam a cokalin nan, ita ke tare ruwa har hannun ya riƙa tashi a hankali. Garin gwangwani kuwa ruwa na taɓa shi ya narke, babu abin da zai tare komai. Tanko ya rataya ya janyo hannun ƙasa, ya juyo yana yi wa jama'a murmushi, ya saki. Hannun ya fasa fitilar ƙwai da ke rataye a rumfarsa. Ya ce kuskuren tsayuwa ne, ya gyara tsayuwa, ya sake. Wannan karon a goshi ya same shi.

Da ya farfaɗo ya tarar Maman Jessica na yi masa fifita da murfin bokiti, Anas kuma ya tsallako da ruwa a kofi. Ƙulu ya fito masa a goshi kamar ƙwan zabuwa.

"Ba suma na yi ba," in ji Tanko. "Tunani nake yi."

"To me ka tuno?" in ji Maman Jessica.

Ya kuwa tuno wani abu. Ya lura in hannun yana ƙasa, wani ruwa-ruwa mai launin ƙasa yana ɗiga daga bakin injin da kansa. To me ya kai shi sakin hannun tun farko? Ya sa Ben ya taya shi suka janyo shi ƙasa, ya ɗaure shi tam a ƙafar rodi da robar taya. Ruwa ya ci gaba da ɗiga. Tanko ya tara a kofi ya miƙa wa Maman Jessica. Ta kurɓa, ta juya ta tofar a kwata.

"Kamar an wanke ƙonanniyar tukunya an sa sukari."

"Yawwa! Haka take. Harshenki ne bai je makaranta ba."

Ranar ƙaddamarwa Tanko ya ga robar taya ta ɓata wa injin kwalliya. Ya yage gefen wani jan ɗankwalin Rakiya, ya ɗaure hannun da shi, ya yi masa ƙulli mai kyau, sannan ya kwance robar ya jefar. Ya sa hula ya janyo ta har gira don ta rufe ƙulun. Rakiya ta yafa mayafi ta biyo shi, ta ce gara ta gani da idonta da a zo a ba ta labari.

Tasha ta cika maƙil. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, ga makaɗa, ga matan jam'iyya da anko, ga mai hoto da kyamara a wuya. A tsallaken titi Anas ya jera sabon bencinsa yana ta zuba wa mutane shayi, ba wanda ya kula shi. Injin Tanko kuwa an goge shi da toka yana ƙyalli, gawayi ya yi ja a ƙarƙashinsa, yana huci yana ɗiga.

Honarabul ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce shekarun danniya sun wuce. Ya ce ga ribar dimokuraɗiyya nan a gabansu tana tururi. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Sakatarensa ya miƙo almakashi a kan faranti, Honarabul ya ɗauka, ya waiga hagu ya waiga dama.

"Ina ƙyallen da zan yanke?"

Ba wanda ya tuna da ƙyalle. Sakatare ya fara zufa. Can idon Honarabul ya sauka a kan jan ƙullin da ke riƙe da hannun injin, fuskarsa ta washe.

"Kai, Malam Tanko ya san aiki! Har ya ɗaura."

Tanko ya yi taku ɗaya gaba, ya tsaya. Maman Jessica ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Faɗa masa," ta ce a hankali. "Tanko, faɗa masa!"

Kalma ɗaya ce za ta raba shi da bala'i. Amma faɗarta na nufin ya tsaya gaban tasha guda, gaban Anas, ya ce tsoron injinsa yake ji har ya ɗaure shi kamar mahaukacin sa. Tanko ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, ai haka ake yi a Italiya."

Dabararsa ita ce ya danne hannun da nasa hannun ta baya, in an yanke ya riƙe, ba wanda zai gane. Ya lallaɓa ya dafa. Sai mai hoto ya ɗago kai daga kyamara.

"Malam, hannunka ya tare fuskar Honarabul. Matsa."

"Ina nan dai, ba zan dame ku ba."

"Matsa mana! Kai aka zaɓa ko shi?"

'Yan jam'iyya biyu suka kama Tanko ta hammata suka ajiye shi gefe, yana "ku tsaya, ku tsaya," kiɗa ya hana a ji.

"Honarabul, ɗan sunkuya," in ji mai hoto. "Kusa da injin. Ƙara kaɗan. Yawwa, haɓarka daidai kan hannun nan. Murmushi!"

Honarabul ya yi murmushi. Ya ce, "Da sunan al'ummar wannan mazaɓa," ya datse ƙyalle.

Ƙarar da aka ji biyu ce. Ta farko haɓar Honarabul ce, ƙwas, hularsa ta yi sama ta sauka kan rumfa. Ta biyu kuwa injin ne, don girgizar ta ɓalle ƙafar rodi ɗaya, ya kife kan kurfoti, murfin tukunyarsa ya yi bindiga, daram! Tururi ya turnuƙe, madara mai citta ta yi ruwan sama a kan manyan baƙi.

Wani daga baya ya ƙwala ihu, "Soja sun dawo!"

Jama'a, kada ku so ku ga gudu. Makaɗa suka zubar da ganguna. Matan jam'iyya suka tuɓe ɗankwalin anko suka cusa a jaka. Sakatare ya shige ƙarƙashin wata bas yana rantsuwa shi malamin makaranta ne, bai taɓa siyasa ba. Wani ɗan jam'iyya da ya fi kowa tafi ɗazu aka gan shi ya ƙame a bakin titi yana sara wa iska. Mai hoto kaɗai ya tsaya, shi ma don igiyar kyamararsa ta sarƙe a kujera ne.

Da tururi ya lafa aka ga ba soja ba dalilinsu, sai mutane suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa shi dama fitsari ya je. Aka tarar da Honarabul zaune a ƙasa, babbar riga ta jiƙe sharkaf, ya ciji harshe, haɓa ta kumbura, baki ya ƙi rufuwa ya ƙi buɗuwa. Anas ya kawo ruwan ɗumi da gishiri yana ba shi a cokali.

Sakatare ya fito daga ƙarƙashin bas yana kakkaɓe wando, ya ɗauko makulli.

"Ranka ya daɗe, shagon shayi. Wa za a ba?"

Honarabul ya yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito bai wuce "ummm" ba. Ya ɗaga hannu, ya nuna Tanko da yatsa, idanunsa jajur.

"Alhamdu lillahi!" in ji Tanko, ya matso da tafi a buɗe. "Jama'a ku shaida, ni ya nuna!"

Yatsan ya tashi daga kan Tanko, ya nuna teburinsa, ya nuna injin, sannan ya nuna titi, ya yi ta nuna titi har sai da aka riƙe hannun. Da ɗaya hannun kuma Honarabul ya fizgi makullin ya danna a tafin Anas.

Kafin la'asar an kwashe teburan bakin tasha. Tanko ya ari baro wurin Ben, ya ɗora teburinsa da bencinsa da kwalin kofuna. Injin kuwa yana kwance a kwata, ba mai ko kallonsa. Maman Jessica, wadda ta samu ɗan shago a ƙarshen layi, ta ƙulle ƙosai a takarda ta tura masa cikin kwalin. Direbobi suka tsaya suna kallo, wasu na dariya, wasu sun kasa.

Tanko ya ga idanu sun yi yawa a kansa, ya tsaya ya gyara murya.

"Ku dai ku faɗi gaskiya. Soja sun yi shekara da shekaru da bindiga da tankoki suna neman rufe bakin ɗan siyasa. Ni da inji ɗaya na yi, ko kofi bai kai ga sha ba."

Aka kwashe da dariya, har da masu tafi. Rakiya ba ta yi ba.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce. "Gobe a ina za ka kafa teburin?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya kama baro ya tura, tana biye da shi da kurfoti a ka. Suka fita daga tasha, suka wuce shagon da Anas ke sharewa, suka isa mararraba inda motoci ke rabuwa. Nan Tanko ya tsaya. Ya dubi wannan hanya, ya dubi waccan, ko'ina da mai shayinsa zaune daram a kan benci. Ya daɗe a tsaye riƙe da baro. Sannan ya waiwayo, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji sai ita.

"Rakiya, hagu ko dama?"